Darasi na 12: Kyanwar Farisa ko ta Siyam, Wacce ta Dace da Gidanku?

Abin da za mu koya

A ƙarshen wannan darasi ana so kowane ɗalibi ya iya bambanta kyanwar Farisa da kyanwar Siyam ta kama da hali, ya san ɗawainiyar da ke tattare da kowacce, kuma ya iya auna halin gidansa kafin ya kawo dabba cikin iyalinsa.

Gardama a tsakar gida

Wata Juma'a bayan la'asar, wata yarinya 'yar shekara tara ta dawo daga gidan ƙawarta. Ko takalmi ba ta cire ba ta nufi inda mahaifinta yake zaune a kan tabarma.

"Abba, don Allah ka saya mana irin kyanwar gidan su ƙawata. Fara ce sol, gashinta kamar auduga."

Yayanta ya ɗago kai daga littafinsa ya ce, "Ke dai ba ki san kyanwa ba. Wannan ai kyanwar Lami ce, ba ta cizo ba ta yakushi, barci kawai ta iya. Abba, mai shuɗin idon nan za ka saya, wadda ake jefa wa ƙwallo ta bi."

Uwargida tana tankaɗen gari a bakin madafa, ta ce, "Kafin ku gama gardamarku, ku faɗa mini wa zai riƙa kwashe kashinta, wa kuma zai share gashin da za ta zubar a kujeru. Maigida, in dai ni za a bar wa, to na yafe tun yanzu."

Maigida ya yi murmushi ya ce, "Maganar mamarku ita ce magana. Ku bari mu bincika tukuna."

Kyanwar da yarinyar take so ita ce ta Farisa, wadda yayanta yake so kuwa ta Siyam. Dukansu baƙi ne a ƙasar Hausa, amma yanzu ana ganinsu a gidaje a manyan birane irin su Kano da Kaduna da Abuja, ana kuma tallarsu a Facebook da WhatsApp. Binciken da maigidan nan ya ce za a yi, shi za mu yi a wannan darasi.

Daga ina suka fito?

Kyanwar Farisa ta samo sunanta daga ƙasar Farisa, wato Iran ta yau. Ana danganta shigarta Turai da wani matafiyi ɗan Italiya mai suna Pietro della Valle, wanda aka ce ya kai kyanwoyi masu dogon gashi ƙasarsu wajen shekarar 1620. Tana cikin waɗanda aka nuna a babban bajekolin kyanwoyi da aka yi a Landan a 1871. Daga nan masu kiwo a Ingila da Amurka suka yi ta zaɓen masu gajeren hanci da cikar gashi suna haɗa su, har aka samu wadda muke gani yau mai shafaffiyar fuska. Ke nan fuskar nan da ke burge mutane aikin masu kiwo ne, kuma za mu ga abin da ta jawo wa dabbar.

Kyanwar Siyam kuwa daga ƙasar Siyam take, wadda aka sauya wa suna zuwa Tailan a 1939. Ƙasa ce mai zafi da damina mai ƙarfi. Mutanen can sun daɗe da ita, har akwai zanenta a tsofaffin rubuce-rubucensu na hannu. A 1878 wani jami'in jakadancin Amurka a birnin Bankok ya aika da guda ɗaya kyauta ga matar shugaban Amurka na lokacin, Rutherford Hayes. A 1884 kuma wani jami'in Ingila ya kai mace da namiji ƙasarsu. Daga nan irin ya bazu a duniya.

Yadda ake gane su

Kyanwar Farisa gajera ce mai kauri, da gajerun ƙafafu da ƙananan kunnuwa da manyan idanu dara-dara. Gashinta dogo ne mai laushi, ruɓi biyu: akwai na sama, akwai kuma wani mai cunkoso a ƙarƙashi. Ana samun fara da baƙa da mai ruwan toka da mai ruwan zuma da mai dabbare-dabbare.

Ta Siyam siririya ce doguwa, mai manyan kunnuwa da doguwar wutsiya, idanunta shuɗaye. Gashinta gajere ne, kwance luf a jiki. Jikinta fari-fari ne, amma fuska da kunnuwa da ƙafafu da wutsiya sun yi duhu, kamar ta tsoma su a tukunyar baba. Dalilin haka abin mamaki ne. Sinadarin da ke rina gashinta ba ya aiki sai a wuraren jiki masu sanyi, wato gaɓoɓin da suka yi nesa da tsakiyar jiki. Shi ya sa ake haifar 'ya'yanta farare, saboda ɗumin cikin uwa, sai bayan 'yan makonni duhun ya fara fitowa. Wadda ta girma a ƙasa mai zafi kuma takan fi ta ƙasar sanyi haske.

Halin kowacce

A nan ne bambancin ya fi girma, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin hoto ba ya nuna hali.

Kyanwar Farisa mai sanyin hali ce. Ta fi son ta sami wuri mai laushi ta kwanta, a shafa ta a hankali. Ba ta cika kuka ba, in ma ta yi, muryarta ƙasa-ƙasa ce. Ba ta faye hawa kan kabad ko labule ba. Sai dai ba ta son hayaniya. A gidan da yara ke guje-guje da ihu, ko gidan da baƙi ba sa yankewa, takan shige ƙarƙashin gado ta ƙi fitowa. Idan ɓeraye ne suka dame ka, kada ka dogara da ita.

Ta Siyam kuwa ba ta zama wuri ɗaya. Za ta bi uwargida daga ɗaki zuwa madafa, ta leƙa kwando, ta hau kan firiji, ta sa hannu a aljihun tebur. Tana da wayo, tana koyon wasa da sauri, wata ma har ƙofa take buɗewa. Ga kuma surutu: kukanta mai ƙarfi ne, wani lokaci sai ka ɗauka jariri ne. Mace idan tana neman barbara takan hana mutanen gida barci, har da maƙwabta. Tana shaƙuwa da mutane ƙwarai, saboda haka idan aka kulle ta ita kaɗai tun safe har dare takan shiga damuwa, ta kama tauna tufafi ko yage katifa.

A taƙaice, ta Farisa hannunka take buƙata, ta Siyam kuma zamanka. Amma a tuna, kowace dabba da nata hali. Yadda aka rene ta tun tana ƙarama yana da tasiri kamar yadda irinta yake da shi.

Ɗawainiyar yau da kullum

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya kawo kyanwar Farisa gida ya ɗauki aikin taje gashi kullum. Ana amfani da matajin ƙarfe mai faɗin haƙora, a fara daga wuya a gangaro, a kula sosai da bayan kunne da hammata da ciki da ƙarƙashin wutsiya, don nan gashin ya fi cukurkuɗewa. Idan aka yi sakaci na 'yan kwanaki, sai ya dunƙule kamar tsohon kitson da ya daɗe ba a tsefe ba, ya riƙa jan fata, ƙuma ta sami maɓoya. In ya kai haka kada a sa almakashi, domin fatar kyanwa siririya ce, yankewa ba wuya. A kai ta wurin likitan dabbobi ya aske.

Bayan taje gashi akwai goge ido. Saboda gajartar fuskarta, hanyar da hawaye ke bi ya zirara cikin hanci ta matse, sai hawayen ya riƙa gangarowa a gefen hanci yana barin jan tabo. Kullum sai an sa auduga da ruwa mai ɗumi an goge, kowane ido da audugarsa. Gashi kuwa za a same shi a kujera da darduma da tufafin sallah.

Ta Siyam taje sau ɗaya a mako ya ishe ta. Nata aikin shi ne wasa: zare da aka ɗaura wa gashin kaza, ƙwallon takarda, kwali da za ta shiga ta fita, da wurin da za ta hau ta hango tsakar gida. Ana kuma ajiye mata guntun katako ko tsohuwar tabarma ta riƙa wasa farcenta, in ba haka ba kujerun falo ne za su ji a jikinsu.

Lafiya da yanayin ƙasarmu

Daga watan Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Kano da Maraɗi da Damagaram. Kyanwa ba ta gumi kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. To ka ɗauki dabba mai bargo ruɓi biyu a jiki, ga ƙuntataccen hanci, ka ajiye ta a ɗakin kwano da tsakar rana an ɗauke wuta. Wannan shi ne halin kyanwar Farisa a bazara. Idan ka ga kyanwa ta buɗe baki tana haki kamar kare, alamar haɗari ce. A kai ta inuwa, a shafa mata ruwa mai ɗan sanyi, ba na ƙanƙara ba, a garzaya asibitin dabbobi. Wanda ba shi da ɗaki mai sanyi da iska ya yi tunani sosai kafin ya ɗauko ta.

Akwai kuma ciwon ƙoda na gado da ya yi yawa a cikin wannan iri. Wasu ƙananan ƙulli masu ruwa ne suke tsirowa a ƙodar, suna girma a hankali har su lalata ta. Alamarsa yawan shan ruwa da yawan fitsari da rama, kuma sau da yawa ba ta bayyana sai dabbar ta manyanta. Dogon gashinta kuma yana ɓoye makero, wanda yake iya kama yara.

Ta Siyam ta fi jure zafi, amma ita ma tana da nata. Tana cikin irin da asma ta fi kamawa, don haka ƙurar hunturu da hayaƙin turaren wuta da na maganin sauro suna iya tayar mata da tari. Takan kuma yi fama da ciwon haƙori da dasashi. Wasu ana haifarsu da harararren ido ko lanƙwasasshiyar wutsiya, amma wannan ba ya hana su komai.

Abin da ya haɗa su

Ko wacce ka zaɓa, kyanwa maciyiyar nama ce. Tuwo da shinkafa kaɗai ba sa riƙe ta, domin akwai sinadaran da jikinta ba ya samu sai a nama da kifi, kuma rashinsu yana iya taɓa ido da zuciya. A ba ta dafaffen nama ko kifin da aka cire wa ƙaya, ko abincin kyanwa na leda da na gwangwani, da ruwa mai tsabta a kowane lokaci. Madarar shanu tana sa yawancin manyan kyanwoyi zawo. Albasa da tafarnuwa suna lalata musu jini, don haka ragowar miya ba abincinsu ba ne.

Abubuwa uku suna kashe kyanwa a gidajenmu ba da niyya ba. Na farko farasitamol: ƙwaya ɗaya tana iya halaka ta. Na biyu shinkafar ɓera, ko ta ci kai tsaye ko ta ci ɓeran da ya ci. Na uku maganin ƙuma da kaska na karnuka, wanda wasunsa guba ne ga kyanwa. Kada a ba ta kowane magani sai da izinin likita.

Rigakafi ya fi magani. Ana fara yi wa 'yar kyanwa allurar rigakafi tun tana da mako 8 zuwa 9, ta ciwon haukar kare kuma daga mako 12, sannan a riƙa ba ta maganin tsutsar ciki. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a jihohi, akwai kuma na koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Maiduguri. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana da wata huɗu zuwa shida, cikin yana yin kwana 63 zuwa 65, kuma tana iya haihuwa fiye da sau ɗaya a shekara. Wanda ba kiwo zai yi ba, ya yi shawara da likita a kan aikin da ke hana haihuwa.

Yara da masu juna biyu

A koya wa yara kada su ja wutsiya, kada su tashe ta daga barci, su kuma wanke hannu bayan wasa da ita. Kada a bar ta ta kwanta a shimfiɗar jariri. Idan ta ciji mutum ko ta yakushe shi har jini ya fito, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a je asibiti. Mai juna biyu kada ta kwashe kashin kyanwa, saboda wata ƙwayar cuta da ake samu a ciki mai iya cutar da ɗan tayi. A zuba yashi a roba mai faɗi ta riƙa kashi a ciki, wani daban ya riƙa kwashewa kullum.

Idan akwai mai asma ko mai yawan atishawa a gida, a kai shi ya zauna kusa da kyanwar na ɗan lokaci kafin a kawo ta. Abin da ke tayar da atishawar yana cikin yawunta da fatarta ne, saboda haka gajeren gashi ba kariya ba ne.

Ranar ɗauko ta

Ba a cinikin biri a sama. Kada ka tura kuɗi don hoton da ka gani a waya. Je ka gan ta da idonka, ka ga uwarta da wurin da ake ajiye su. Duba ido ko akwai kwantsa, hanci ko akwai majina, kunne ko akwai baƙin datti, ƙarƙashin wutsiya ko akwai alamar zawo. Saurari numfashinta. In ta Farisa ce, zaɓi mai ɗan tsawon hanci, don ta fi samun sauƙin numfashi, ka kuma tambaya ko an taɓa samun ciwon ƙoda a danginta. Nemi katin rigakafi. Kada ka karɓi wadda ba ta kai mako 8 ba, in da hali ma a bar ta ta kai 12 a wurin uwarta.

Malaman Musulunci sun yi saɓani a kan cinikin kyanwa. Mafi yawansu sun halatta, wasu kuma sun hana saboda wani hadisi da Muslim ya ruwaito. Wanda abin ya dame shi ya tambayi malaminsa, ko ya nemi kyauta. Abin da ba a yi saɓani a kansa ba shi ne haƙƙinta. Sananne ne labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Kyanwar da ta sami kulawa tana iya yin shekara 12 zuwa 15, wata ma ta wuce. Yarinya 'yar shekara tara tana iya girma har ta yi aure ta bar ta a gidan.

Kada a manta da ta gida

Akwai zaɓi na uku, wato kyanwarmu ta gida, wadda wasu ke kira mage, wasu mussa, wasu kuliya. Ta saba da zafinmu, ta iya kamun ɓera, kuma galibi kyauta ake ba da 'ya'yanta. In an rene ta da hannu tun tana ƙarama, aka yi mata rigakafi, tana shaƙuwa da yara kamar kowace baƙuwa.

Yadda gidan nan ya yanke

Bayan mako biyu maigida ya tara iyalinsa. Gidan mai ɗaki uku ne da tsakar gida, wuta ba ta zama, yara huɗu ne, uwargida kuma tana sana'ar ɗinki a gida, kusan kullum tana nan.

Ya dubi 'yarsa ya ce, "Uwata, kyanwarki kyakkyawa ce, amma bazarar gidan nan za ta wahalar da ita, kuma ba mai lokacin taje ta kullum."

Uwargida ta ce, "In dai mai gajeren gashin ce, zan iya da surutunta, ta taya ni zama a bakin keke. Amma yashinta na babban yaya ne, ruwa da abinci kuma naki ne."

Da a ce gidan wasu dattawa biyu ne, mai sanyi, ba hayaniya, kuma akwai mai jin daɗin zama yana taje gashi, da ta Farisa ce za ta fi dacewa.

Kalmomin darasi

Iri: dangin dabba masu kama ɗaya da ake gadonta.
Muzuru: namijin kyanwa.
Ciwon gado: cutar da ɗa yake samu daga iyayensa tun a halitta.
Makero: ciwon fata mai zagaye da ke cinye gashi.
Kwantsa: dattin da ke taruwa a gefen ido.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake haifar 'ya'yan kyanwar Siyam farare?
2. Kawo matsaloli biyu da gajeren hanci yake jawo wa kyanwar Farisa.
3. Waɗanne abubuwa uku ne suke kashe kyanwa a gida ba da niyya ba?
4. Me za ka yi idan kyanwa ta ciji ɗanka?
5. Idan taje gashi yana cin minti 10 kullum, minti nawa ke nan a mako? Awa nawa ke nan a wata mai kwana 30?

Aikin gida

Ka je asibitin dabbobi mafi kusa, ko shagon maganin dabbobi, ka tambayi kuɗin allurar rigakafi da na maganin tsutsa da na abincin kyanwa na wata ɗaya. Rubuta su a littafinka, ka lissafa na shekara guda. Sannan ka rubuta jimla biyar a kan gidanku: yawan yara, zafin ɗakuna, wanda yake wuni a gida, da wanda zai ɗauki aikin. Mako mai zuwa kowa zai karanta nasa a aji, ya faɗi kyanwar da ta dace da shi.

Ɗalibi, in lissafinka ya nuna ba ka da lokaci ko halin riƙe ko ɗaya daga cikinsu, ka haƙura tukuna. Barin ta a inda take ya fi a kawo ta gida a wulaƙanta ta.